Ba Ya Jifa a Gaban Yayansa

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji a Riyad, ba abin da nake so kamar in buga gasar kwalejoji ta lokacin sanyi kafin in tattara komatsaina in koma gida. Na san wani zai ce me ya haɗa wanda aka turo karatun Larabci da ƙwallon kwando. To, ni da ita na zo. Tun ina Zariya nake bugawa a wani filin siminti da ya tsattsage, kwandonsa ko raga babu, kuma da na sauka a unguwar Malaz abin da na fara nema bayan masallaci shi ne inda ake jin ƙarar ƙwallo. Duk shekarun da na yi a ƙungiyar kwalejinmu, tun a wasan farko ake koro mu. Wannan karon ne na ƙarshe, don haka na ɗora masa rai fiye da kima.

Ni gajere ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Aikina a fili raba ƙwallo: in ɗauko ta daga baya, in hango wanda ya sami sarari, in miƙa masa kafin shi kansa ya san ya samu. Na iya aikin nan, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba.

Ɗakin wasanmu yana bayan ginin azuzuwa, tagoginsa can sama dab da rufi. Bayan la'asar rana takan shigo ta cikinsu a karkace, ta kwanta a kan katakon ƙasa, komai ya koma launin zuma. Na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani a hankali, takalma suna kuka, ƙwallo tana dukan ƙasa kamar ana daka a gidan maƙwabta. A waje gari yana ci da wuta, motoci suna ta gudu ba ka ganin fuskar kowa. A ciki kuwa lokaci ba ya sauri. In na tuna Riyad yanzu, wannan ɗakin nake fara gani.

Mai horar da mu wani ɗan Sudan ne, dogo, mai ciwon gwiwa. Kowa Kaftin yake ce masa, kamar yadda ake kiran koci a can. Yana da nasa ra'ayin a kan haɗa ƙungiya, kuma ba ya gajiya da maimaita shi. Shi ba ya neman mutum biyar da suka fi kowa iyawa, yana neman biyar da za su zauna lafiya da ƙwallo ɗaya. Yakan ce gwanaye biyar a fili masu girki biyar ne a kan tukunya guda. A lokacin muna da wani ɗan Siriya mai jifa daga nesa, wanda in ya ci sau biyu a jere sai ya manta akwai mutane a duniya. Muna da 'yan ƙasa biyu, 'yan uwan juna, masu gudu kamar an biyo su. Akwai ɗan Senegal mai ƙirji kamar ƙofa, amma hannunsa kamar an shafa masa man gyaɗa. Sai ni. Abin da muka rasa shi ne dogo, wanda zai tsaya ƙarƙashin kwando ya tare, ya tsinto abin da ya faɗo. Rashinsa ne yake kashe mu kowace shekara.

Kwalejinmu ba ta da ƙarfin janyo 'yan wasa daga ko'ina. Doka kuma ita ce sai ɗalibi mai rajista zai sa riga. Saboda haka ko dai ka tsinto mutum a cikin ɗalibai, ko ka samo saurayi a gari ka lallaɓa shi ya shiga ajin yamma. Ɗaliban kuwa Kaftin ya riga ya tace su tas.

A nan ya koya mini dabararsa. Ya ce a Riyad ba ka sanin tsawon mutum, domin kowa a zaune yake a mota, in ya fito kuma jallabiya ta rufe komai, ba ƙafa ba kafaɗa. Wuri ɗaya ne maza suke tsayawa cak, ba takalmi, kafaɗa da kafaɗa, a kan ƙasa madaidaiciya: sahun salla. Shi ya sa yake zuwa masallaci ya tsaya a sahun baya, kafin a kabbarta ya bi kawuna da ido. Bayan an sallame kuma ya zauna yana lazimi, yana kallon masu nafila: wane ne bayansa yake shimfiɗuwa sosai a ruku'u, wane ne yake miƙewa daga sujada ba tare da ya dafa ƙasa ba. Wai nan ake gane gwiwa mai lafiya. Na yi dariya har da riƙe ciki, shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce daga wannan Juma'ar, a unguwar Batha zan dinga salla, tunda can mutanenmu suke taruwa, ni kuma na san yarensu.

Haka na zama mafaraucin dogaye. Batha ran Juma'a ba masaka tsinke. An tone tituna ana aikin jirgin ƙasa, mutane suna ratsawa ta tsakanin shinge, ƙanshin turare yana gauraya da na soyayyen kifi. A ƙofar kowane ofishin aika kuɗi akwai layi, kuma in ka kasa kunne sai ka ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram suna yawo a cikin Larabci da yaren Bangaladash. Nakan tsaya a sahun baya, in roƙi Allah gafara, in bi kawuna da ido. Na taɓa bin wani dogo har bakin mota, ashe magidanci ne mai 'ya'ya, yana aikin gini a Dir'iyya, can gefen gari. Da na yi masa bayani sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya yarda ya bar ɗaukar bulo ya koma guje-guje da gajeren wando, to shi ma ya yarda. Wani kuma na yi ta murna da shi har aka sallame, sai na ga ashe a kan dakalin bakin ƙofa ya tsaya.

Wata Juma'a na gan shi. Kansa ya zarce sahu kamar rimi a gonar dawa. Da aka idar ya yi nafila, ya miƙe daga sujada tsaf, hannu bai taɓa ƙasa ba. Na bi shi a baya cikin lunguna har wani shago da ake sayar da barguna da akwatunan tafiya. Ana sauke kaya daga mota, wani yana jefo ƙunshin barguna daga sama, shi kuma yana cafewa da hannu ɗaya yana magana da wani, ko kallon kayan ba ya yi. Na tsaya a tsallaken hanya ina kallonsa. Na ce a raina abin nema ya samu.

Shagon na mahaifinsa ne, ko in ce shi yake riƙe da shi da sunan wani ɗan ƙasa. Dattijo ne, shi ma dogo, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya zo ƙasar tun yana saurayi a matsayin direba, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata, sai wannan namiji tilo. A Riyad aka haifi saurayin, a nan ya gama sakandare, bai san gida ba sai a labari. Larabcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Hausarsa kuwa irin ta kakanni ce, a hankali take fita, kamar tufafin da suka daɗe a adaka. Ya ce yana ɗan taɓa ƙwallo da samarin unguwarsu, amma ba wani abin kirki ba ne.

Mahaifin nasa, Alhaji, da farko ko sauraro na bai yi ba. Ya ce ƙwallo ba sana'a ba ce. Na yi ta zarya, na sha shayinsa har na ji kunya. Na yi masa bayanin ajin yamma, cewa yaron zai koyi aikin kwamfuta, zai fita da takarda a hannu, ƙwallon ƙari ce kawai. Ya ɗan sassauta, amma bai amsa ba. Ranar da ya amsa ba hujjata ce ta yi aiki ba. Ya tambaye ni asalina, na ambaci ƙauyen mahaifiyata, sai ya ajiye kofin shayi. Ashe kasuwa ɗaya suke ci da ƙauyensu. Ya yi ta kiran sunayen rijiyoyi da bishiyoyin da ni ban sani ba, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya kira ɗan nasa daga cikin shago.

"Ga ƙanenka nan, amana na ba ka," in ji shi. Ya juya wurin saurayin. "Kai kuma ga yayanka. Ba ka da wani yaya a ƙasar nan sai shi."

Dogon nan ya naɗe tsawonsa ya durƙusa a gabana, a cikin hayaniyar Batha, ya gaishe ni. Tunda na zo ƙasar ba wanda ya taɓa durƙusa mini. Kaina ya kumbura, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ranar da na shigo da shi ɗakin wasa, Kaftin ya zagaya shi sau biyu kamar mai taya doki, ya auna tafin hannunsa da nasa, ya dube ni ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan ya fi mini kowace irin godiya. Makonnin farko na yi ta fankama. Ƙanen nawa ba ya shiga gabana in muna tafiya, ba ya shan ruwa sai na sha, in na zauna a benci shi sai ya zauna a ƙasa. 'Yan ƙasar nan biyu suka fara kirana shehu suna tsokana, ni kuwa ko a jikina.

A fili ne abin ya fara ba ni mamaki. Sai in ratsa, in miƙa masa ƙwallo yana ƙarƙashin kwando, ba kowa a kusa da shi, abin da ya rage ya ɗaga hannu ya ajiye ta. Sai ya juyo ya nemo ni, ya mayar mini. In ya tsinto wadda ta faɗo daga kwando, da hannu biyu yake kawo mini ita kamar mai miƙa goro. In Kaftin ya raba mu gida biyu, ƙanen nawa ya faɗa ɓangaren da zai tare ni, ina tunkaro shi sai ya sauke hannuwa ya kauce, in wuce in ci. Kaftin ya yi ta busa usur har wuyansa ya yi jijiya. Na ce masa baƙunta ce, zai ware.

Bai ware ba. Na ja shi gefe na ce in ya sami sarari ya yi jifa. Ya ce to. Ya kuwa yi, amma a sanyaye, kamar mai ba kwandon haƙuri, ƙwallon ta daki ƙarfe ta dawo. Na gaya masa a Zariya ni da yayyena har kayar da juna muke yi a fili, a tashi a ci tuwo kwano ɗaya. Ya yi murmushi kansa a ƙasa, alamar ya ɗauka wasa nake yi masa. Na yi faɗa, abin ya ƙara lalacewa, domin yanzu ga ladabi ga tsoro.

Sai daga baya na gane. Mu da muka tashi a gida, al'ada a jikinmu take kamar tsohuwar riga, mun san inda take da sako-sako. Shi kuwa a bakin mahaifinsa ya koyi gida. An gaya masa ƙarami ba ya zama sama da babba, ba ya haɗa ido da shi, ba ya nuna gwaninta a gabansa. Ya haddace duka, ya adana, bai taɓa samun wanda zai yi wa ba. Da na zo sai ya juye mini su gaba ɗaya.

Wani hutun mako Kaftin ya kwashe mu zuwa Wadi Hanifa, wani kwari mai ruwa a gefen gari, wai ƙungiyar da ba ta ci abinci tare ba ba za ta raba ƙwallo ba. Sanyi ya fara shigowa. Muka shimfiɗa darduma a bakin ruwa, aka ajiye faranti na shinkafa da nama. Ina ci ina ganin tsokoki suna gangarowa gabana ɗaya bayan ɗaya, ƙanen nawa yana turo su da ɗan yatsa. Na ɗaga kai na ga Kaftin ma yana kallo. Bayan an gama, sauran suka tafi jifan duwatsu a ruwa, ni da ƙanen nawa muka rage. Can nesa ana hango ƙarafan ɗaga kaya na Dir'iyya sun tsaya cirko-cirko a cikin jan sararin yamma. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a gida ruwan sama yakan yini yana zuba, har kwaɗi su hana mutum jin maganar na kusa da shi. Na ce gaskiya ne. Ya tambayi ƙanshin ƙasa in an yi ruwan fari, ya tambayi yadda ake gane ɗan uwa a kasuwa in ba a taɓa ganinsa ba. Na yi ta ba shi labari, wani na gaske wani na ƙara masa gishiri, shi kuma ya rungume gwiwoyinsa yana kallon ruwa. A ranar na ji ina ƙaunarsa kamar ciki ɗaya muka fito.

Ba a daɗe ba na bi motar ɗalibai daga Batha zuwa Umra, na yi 'yan kwanaki. Ina dawowa ɗan Siriyan nan ya tare ni tun a ƙofar aji, yana magana hannuwansa suna tashi sama. Wai ƙanena aljani ne. Wai yana tsalle ya danna ƙwallo a kwando har allon ya yi rawa, ba wanda ya isa ya jefa komai a gabansa, har ihu yake yi wa mutane su koma baya. Na ɗauka zolaya ce. Na tambayi ɗan Senegal, wanda ba ya ƙarya ko da wasa, ya nuna mini leɓensa da ya fashe.

Da la'asar na shiga ɗakin wasa da ɗokina. Ƙanen nawa yana ganina ya saki ƙwallo ya zo ya durƙusa, ya yi mini barka da dawowa, ya tambayi hanya. Aka fara atisaye. Na miƙa masa a ƙarƙashin kwando, ya juyo ya mayar mini. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan rashin kallon ya fi kallo ciwo.

Kaftin ya gwada zaunar da ni a benci. Abin ya ɗan yi dama, amma kaɗan. Duk sanda ƙanen nawa ya ci sai ya waiwayo inda nake kamar wanda ya fasa kwano, ƙwallo ta gaba kuma sai ya ba wani. In dai idona yana ɗakin, to hannunsa a ɗaure yake.

Na koma wurin Alhaji, na ce ko shi zai kwance abin da ya ɗaura. Na zayyana masa komai, yadda yaron yake mayar mini da ƙwallo, yadda yake kauce mini. Ina magana fuskar dattijon tana haske. Da na gama ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala, ya ce ashe wahalarsa ba ta tafi a banza ba, tarbiyya ta kama. Ya sa aka ƙaro mini shayi, har da kyautar bargo. Na fito rungume da bargo, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba.

Daga nan haushi ya kama ni, haushi na gaske. Na ji haushin yaron, na ji na mahaifinsa, na ji na ƙauyen mahaifiyata da ya rasa inda zai zauna sai kusa da nasu. Na yi ta fatan ya yi mini rashin kunya ko sau ɗaya. A atisaye na bangaje shi da gangan, na take masa ƙafa, na fizge ƙwallo daga hannunsa da ƙarfin da bai kamata ba. Shi ya ba ni haƙuri.

Ana saura 'yan kwanaki gasa, Kaftin ya tsayar da ni bayan kowa ya watse. Yana zaune ya miƙe ƙafa, ya ɗora ƙanƙara a gwiwa. Hasken tagogi ya riga ya hau bango. Ya ce ba shi da mai raba ƙwallo kamata, kuma ba daɗin baki yake yi mini ba. Ɗaya daga cikin 'yan ƙasar nan zai iya riƙe wurina, da ƙyar, da zubar da ƙwallo nan da can. Amma ba shi da wani dogon. Ya gyara ƙanƙarar. Na jira ya ce ya cire ni, in samu wanda zan yi fushi da shi. Bai ce ba.

"Kai ka nemo shi, kai ka san shi," in ji Kaftin. "Rigarka tana nan, ba zan karɓa ba."

Na fito ina tafe a gefen titin Malaz, shaguna suna rufewa don magariba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na bi sahu-sahu, ni na sha shayi, ni na yi zarya, na samo wa ƙungiyarmu abin da ta rasa, ashe ni ne abin da ya yi mata yawa. Na yi ta lissafin yadda za mu buga tare, in ɓoye a kusurwa, in daina kallonsa, in yi kamar ba na nan. Duk na san ƙarya nake yi wa kaina. Ina son wasan nan, ina son in ji an kira lambata, in taka katakon nan ko sau ɗaya muna da dogo a bayanmu. Ban taɓa son wani abu haka ba tunda na zo ƙasar.

Ranar wasa na sa rigata a ciki, na ɗora jallabiya a kai, na shiga mota tare da kowa. A wata kwaleji ake yin gasar, can arewacin gari. Har muka isa ban yanke shawara ba. Muka sauka, 'yan wasa suka fara shiga, ƙanen nawa ya tsaya a bakin ƙofa yana jira in riga shi wucewa. Na dubi ƙofar, na dube shi, ya sunkuyar da wannan dogon wuyan nasa. Sai na ji bakina yana cewa an aike ni, zan je in dawo, kada ya jira ni.

"Yaya, ko in je maka?"

"A'a. Ka shiga. Duk wadda ta zo hannunka ka jefa, ni na sa ka."

Ya ce to, ya shiga yana waiwaye. Kaftin yana daga ciki, muka haɗa ido, ya ɗaga mini hannu kaɗan ya juya.

Na zagaya bayan ginin inda ake ajiye motoci, na zauna a kan dakalin siminti. Wani mai gadi ya miƙo mini kujera, na ce na gode. Iskar sanyi tana kaɗawa, rana ta yi laushi, wata kyanwa tana barci a kan murfin mota. Ta cikin bango ina jin komai a dishe, kamar mai sauraro daga ƙarƙashin ruwa. Usur. Dukan ƙwallo. Kukan takalma. Na rufe ido na fara raba ƙwallo a kaina: yanzu ɗan Siriya ya buɗe a dama, yanzu a sauke ta ciki, yanzu, yanzu. Sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji a ɗakinmu ba, ƙarfe ya amsa, allo ya girgiza, ɗakin ya ɗauki sowa gaba ɗaya. Na miƙe tsaye ban sani ba. Akwai wata ƙofar gefe a ɗan buɗe, taku kaɗan ne tsakanina da ita, haske yana fitowa ta tsagar. Na san in na leƙa zai gan ni, domin tsawonsa ya isa ya hango kowace ƙofa. Na koma na zauna.

Ƙarar nan ta sake zuwa, ta kuma sake. Na daina ƙirgawa. Wani lokaci murna ta cika ni har in ji ina dariya ni kaɗai, wani lokaci kuma in tuna ba na ciki, dariyar ta ɗauke. Inuwar ginin ta yi ta tsawo har ta rufe motocin. Kyanwar ta farka ta yi miƙa ta tafi abinta.

Da aka busa usur na ƙarshe, tun daga irin ihun na gane namu ne. Mutane suka fara fitowa, wasu samari suna kwatanta tsalle da hannu, suna tambayar juna daga ina aka samo wannan. Can sai ga shi, ya fi kowa tsawo, tawul a wuya, yana dube-dube. Ya hango ni ya taho da sauri, ya durƙusa, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Ya tambaye ni ko aiken ya yi kyau. Na ce ya yi. Na tambaye shi yadda wasa ya kasance, ya ce lafiya lau, Allah ya taimaka. Na ce nawa ya ci. Ya sunkuyar da kai ya ce sauran sun yi ƙoƙari ƙwarai. Na roƙe shi ya ba ni labarin ko guda ɗaya, yadda ya karɓa, yadda ya tashi. Ya yi murmushi yana murza bakin tawul, na ga ko labarin ba zan samu daga bakinsa ba.

Sai ya ɗago kaɗan, bai kai ga idona ba.

"Na yi ta duba ƙofa, Yaya. Da kana nan da na fi haka."

Har zuciyarsa ya faɗa. Na dafa kafaɗarsa, wadda sai ya durƙusa nake iya kaiwa, na ce na sani. Aka kira salla, muka nufi famfo, na naɗe hannun jallabiya a hankali don kada ya ga rigar da ke ciki.